Yada Zango a Kinsale: Tambayoyin Matafiyin Teku da Amsoshinsu

Wanda ya kwana uku ko huɗu a teku cikin ƙaramin jirgi mai filafilai, ba ya neman komai a duniya sai wurin da zai ɗaure igiya ya yi barci ba tare da gadon yana jijjiga shi ba. A gaɓar kudancin Ayilan, garin da matuƙa suka fi nufa don wannan shi ne Kinsale. Ga tambayoyin da 'yan'uwa suka fi yi a kansa, musamman masu shiga jirgin wani a matsayin ma'aikata ko abokan tafiya, da kuma masu hayar jirgi na mako ɗaya ko biyu.

Ina ne Kinsale, kuma me ya sa shi ake zaɓa?

Ƙaramin gari ne a gundumar Cork, kimanin kilomita 25 kudu da birnin Cork, daidai inda kogin Bandon yake zubawa a teku. Mazaunansa ba su wuce dubu shida ba a ƙidayar 2022, sai dai da bazararsu baƙi kan cika shi maƙil. Ana furta sunan kamar Kinsel. Da harshen 'yan ƙasar kuwa Cionn tSáile ne, wato kan ruwan gishiri.

Abin da ya sa matuƙa suke son sa yana cikin siffar kogin. Kafin Bandon ya isa teku sai ya yi wata lanƙwasa kamar ƙugiya, garin kuma yana can cikin lanƙwasar, tuddai sun kewaye shi. Duk haukan da teku take yi a waje, da zarar ka sha kwanar nan sai ka tarar da ruwa a kwance. Ga zurfi isasshe, ga abinci da mai da masu gyara, ga filin jirgin sama kusa don sauya ma'aikata. Tasoshin da suka haɗa waɗannan duka a wannan gaɓa kaɗan ne.

Daga ina ake zuwa, kuma kwana nawa ne?

Mafi yawan baƙi daga kudu maso yammacin Ingila suke ƙetarowa. Daga tsibiran Scilly zuwa Kinsale kimanin mil 135 ne na teku, kuma mil ɗaya na teku mita 1,852 ne. Jirgin da yake cin mil biyar a sa'a zai yi yini da kwana har da ɗoriya. Wasu daga Milford Haven na Wales suke tasowa, wasu daga Brittany ta Faransa, akwai kuma masu dogon zango da suke fitowa daga arewacin Sifaniya ko tsibiran Azores. Wanda yake bin gaɓa daga gabas kuwa, daga Crosshaven da ke bakin tashar Cork tafiyar rabin yini ce.

Shiga tashar yana da wuya?

Ba shi da wuya, amma teku ba ta son raini. Abin da za ka fara hangowa daga nesa shi ne Old Head, wani dogon hancin dutse da ya miƙe cikin teku, da hasumiyar fitila mai zanen baƙi da fari a kansa, wadda aka gina a 1853. Kada ka matsa masa. Ruwa yana gudu da ƙarfi a kewayen hancin, idan kuma iska ta yi gaba da gaba da gudun ruwan sai wurin ya riƙa tafasa. Ba shi tazarar mil ɗaya ko biyu, ba abin da zai rage ka.

A bakin shiga, ta ɓangaren gabas, akwai wani dutse ɓoyayye a ƙarƙashin ruwa da ake kira Bulman. An kafa masa alama mai shawagi, rawaya a sama baƙi a ƙasa, wadda take nufin ka bi ta kudu da ita. Daga nan sai ka miƙe arewa, ganuwar Charles Fort tana hannunka na dama. Ƙa'idar Turai ita ce mai shigowa ya bar jajayen alamu a hagunsa, koraye a damansa. Wanda ya koyi tuƙi a Amurka ya kiyaye, domin a can akasin haka ne.

Akwai tudun yashi a ƙarƙashin ruwa kafin a kai ganuwar, zurfinsa wajen mita uku idan ruwa ya janye sarai. Ga jirgin shaƙatawa wannan ba matsala ba ce, dare ko rana. Lokaci ɗaya ne zan ce kada a gwada: idan guguwa tana kaɗowa daga kudu ko kudu maso gabas, ruwa kuma yana janyewa. A nan igiyoyi sukan karye a kan tudun. Jira ruwa ya fara cikowa. Abin da ya fi dutsen kama mutane ma shi ne tarkon masunta. Sukan zuba kwandunan kama ƙaguwa da manyan jatan lande, igiyarsu tana ɗaure da 'yar ƙaramar robar da da ƙyar ake gani. In ta naɗe farfelar inji da dare, an shiga uku. Sa mutum ɗaya a gaban jirgi da tocila.

Mene ne wannan cikowa da janyewar ruwa da ake ta magana?

Wanda ya saba da Tiga ko kogin Kwara ya san ruwa yana ƙaruwa da damina, ya ragu da rani. A nan kuwa sau biyu a kowace rana teku take cikowa ta janye, saboda jan da wata da rana suke yi mata. A Kinsale bambancin yakan kai wajen mita uku da rabi a kwanakin tsayuwar wata da cikarsa, ya ragu zuwa kusan mita biyu a tsakani. Mai lissafin watan Musulunci yana da riba a nan: ya duba kwanan wata kawai ya san ko ruwan makon nan mai ƙarfi ne. Duk wannan ruwa ta cikin kogin yake shiga ya fita, don haka a wurin ɗaure jirgi yana gudu sosai. Ka tunkari wurin tsayawarka kana fuskantar gudun ruwan, kada ka bari ya turo ka ta baya.

A ina zan ɗaure jirgi?

Matsayar da ta fi kusa da gari ita ce ta Kinsale Yacht Club. Baƙi sukan ɗaure a gefen waje na dandamalin, kuma a watannin Yuli da Agusta ba abin mamaki ba ne jirage biyu ko uku su jeru a jikin juna. In haka ta faru akwai ladabi: wanda yake waje, idan zai sauka, ta gaban jirgin maƙwabcinsa yake bi, ba ta bayan da masu jirgin suke zaune ba. Ya cire takalmi mai ƙarfi, ya taka a hankali, ya tambayi ƙarfe nawa za su tashi gobe.

A tsallaken kogi akwai matsayar Castlepark. Ta fi shiru, tana kusa da wani ɗan bakin yashi da kangon James Fort, amma zuwa gari a ƙafa ta kan gada zai ci maka fiye da rabin sa'a. Kuɗin kwana a duka biyun da tsawon jirgi ake lissafa shi, mita-mita. A buga waya tun kafin a iso. Mai son jefa anka ko kama igiyar baƙi a cikin kogi ya tuntuɓi shugaban tashar tukuna, saboda jiragen masunta da na kaya suna bin hanyar. Gadar da ke sama da gari gajeriya ce, jirgi mai dogon sanda ba ya wucewa ta ƙarƙashinta.

Ina da bizar Birtaniya, ko ta Shengen. Za ta ishe ni?

A'a. Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci ga mai fasfon Najeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Cadi ko Sudan. Jamhuriyar Ayilan tana cikin Tarayyar Turai, amma ba ta cikin yankin Shengen, kuma ba Birtaniya ba ce. Bizarta daban take, ana nema tun daga gida, kuma ƙasar tana da ofishin jakadanci a Abuja. Akwai yarjejeniyar zirga-zirga tsakaninta da Birtaniya, sai dai 'yan ƙasashen biyu ta shafa, ba mai riƙe da bizar ɗayansu ba.

Kada rashin shinge ya ruɗe ka. A Kinsale za ka iya ɗaure jirgi ka taka cikin gari ba wanda ya ce maka kanzil. Wannan ba ya nufin ka shiga bisa doka. Nauyi ne a kan shugaban jirgi ya sanar da jami'an shige da fice, aikin da 'yan sandan ƙasar da ake kira Garda suke kula da shi a irin waɗannan wurare. Kai ma ka tabbatar an yi, domin fasfonka ne zai ɗauki tabon, ba nasa ba. Turawan da kuke tafiya tare sau da yawa ba su taɓa tunanin wannan ba, saboda su ba ta taɓa cin su ba. Faɗa musu tun kafin a kwance igiya.

Ta fannin kwastan, tun da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai, jirgin da ya taso daga can daga wajen Tarayyar ya fito. Ana ɗaga rawayar tuta a sanar da hukumar kwastan. Jirgin da ba na Tarayyar ba, wanda mai shi ma mazaunin waje ne, yana da izinin zama har wata 18 ba tare da biyan haraji ba. Sai kuma tutar girmamawa ta ƙasar da aka sauka, wadda ake ɗagawa a gefen dama na sanda: kore, fari, ruwan lemo, koren a jikin igiya. Idan aka juya ta ta zama ta Kwaddibuwa.

Wane lokaci ne ya fi dacewa, kuma yaya sanyin yake?

Daga Mayu zuwa Satumba. Ko a tsakiyar bazararsu zafin rana ba ya cika wuce digiri 20, ruwan teku kuma yana wajen 15. Wannan ruwa ne da yake kashe ƙarfin hannu cikin mintuna idan mutum ya faɗa, ko da gwanin iyo ne. Doka ta wajabta rigar ceto ga duk wanda yake saman jirgin da bai kai mita bakwai ba, da kuma yara 'yan ƙasa da 16 a kowane jirgi. Ni dai shawarata, babba ko yaro, ƙaramin jirgi ko babba, a sa ta.

Iska ta fi kaɗowa daga kudu maso yamma, kuma yanayi yana iya sauyawa sau uku kafin azahar. Hukumar hasashen yanayi ta Met Éireann tana fitar da rahoton teku kullum, masu gadin gaɓa suna karanta shi a rediyon jirgi. Tashar kiran gaggawa ita ce ta 16, a waya kuma 112 ko 999. Kinsale tana da jirgin ceto na ƙungiyar RNLI, wanda 'yan sa-kai na garin suke tuƙawa. Idan ka ga akwatin taimakonsu a kan kanta, jefa wani abu.

Salla fa? Ina alƙibla, kuma yaya lokutan suke?

Alƙibla daga Kinsale tana kan digiri 110 daga arewa ta gaskiya, wato gabas da ɗan karkata kudu. Kamfas ɗin jirgin zai nuna maka. A matsaya jirgi ba ya juyawa, sai ka ɗauki wata alama a tudu ka riƙe. A kan anka kuwa yana juyawa da ruwa, don haka a duba kafin kowace salla.

Lokutan su ne suke ba baƙo mamaki. A ƙarshen Yuni rana tana fitowa da biyar da 'yan mintuna, ba ta faɗuwa sai wajen goma saura. Na wasu makonni ma hasken shafaƙi ba ya gushewa gaba ɗaya kafin na alfijir ya biyo baya, shi ya sa manhajojin waya suke saɓa wa juna a kan isha'i da asuba. Mafi sauƙi a bi jadawalin masallatan birnin Cork, waɗanda suka daɗe suna fama da wannan mas'ala. Can ne kuma za a je Juma'a. Motar bas mai lamba 226 tana tashi daga Kinsale ta bi ta filin jirgin sama ta shiga birni, cikin abin da bai kai sa'a ɗaya ba.

Me zan ci?

Kifi. Kinsale ta yi suna a duk faɗin Ayilan da girki, har bikin abinci take yi kowace Oktoba, kuma ginshiƙin girkin nata abin da aka kamo da safe ne. A mazhabar Malikiyya duk abin da ya fito daga teku halal ne, saboda haka ƙofa a buɗe take. Abubuwa uku ne za a tambaya. Miyar kifi mai kauri da madara, wadda ake sayarwa ko'ina, wasu sukan sa mata naman alade ko giya. Ƙullun da ake tsoma kifi a ciki kafin a soya, wasu da giya suke dama shi. Karin kumallon gargajiyarsu kuwa kusan rabinsa alade ne, har da wani baƙin tsiran da ake yi da jini. Tambaya ba ta ɓata wa kowa rai a nan, masu kawo abinci sun saba. Naman halal sai an shiga Cork, inda kuma za a samu shagunan 'yan Afirka masu garin kwaki da manja da barkono mai zafi na gaske. A sayo da yawa, domin yamma da nan ba a cika samu ba.

Gidajen shan giya su ne dandalin garin, a nan ake kiɗan gargajiya da hira da cin abinci. Kowa ya san inda zuciyarsa ta natsu. Wanda bai shiga ba, shagunan shayi da na burodi sun ishe shi.

Ruwa, wuta, mai da gyara?

Ruwan sha da lantarki suna kan dandamali. Akwai manyan kantuna cikin gari da ake zuwa a ƙafa, akwai masu gyaran inji da filafilai. A kula da abu ɗaya: tun farkon 2020 an hana jiragen shaƙatawa amfani da koren dizal mai rangwamen haraji, sai fari irin na mota. Ajiye rasit ɗin duk man da ka saya.

Kwana ɗaya ya isa?

Bai isa ba, kuma a nan ne nake saɓa wa masu gaggawa. Mutane sukan iso da magariba, su yi wanka, su cika tanki, su fice da asuba, sannan su ce sun je Kinsale. Ba shi kwana biyu ko uku.

Fara da hanyar ƙafa da ta bi bakin ruwa daga unguwar Scilly ta nan Kinsale (ba tsibiran ba) zuwa Summercove, ta kai ka Charles Fort. An gina ganuwar tsakanin 1677 da 1682 da siffar tauraro, yadda bindigogi za su rufe kowace kusurwa. Ta fuskar teku ba ta da makusa. Amma tudun da ke bayanta ya fi ta tsawo, kuma ta nan aka ci ta a 1690 bayan kwana 13 na ƙawanya. Sojan Birtaniya sun zauna a ciki har 1922, aka ƙone barikokin a yaƙin basasar da ya biyo baya. Tsaya a kan katangar ka dubi hanyar da ka shigo jiya, za ka gane dalilin da ya sa aka yi ta zubar da jini a kan wannan ruwa.

Babban jinin shi ne na 1601. Sarkin Sifaniya ya aiko da soja fiye da dubu uku ƙarƙashin Don Juan del Águila don su taimaki sarakunan gargajiyar Ayilan da suke yaƙi da Ingila. Sai suka sauka a Kinsale, can kudu, alhali jagororin sarakunan, Hugh O'Neill da Hugh O'Donnell, suna ƙarshen arewa. Dole sarakunan suka ratso ƙasar gaba ɗaya cikin hunturu, suka iso a gajiye, aka karya su cikin 'yan sa'o'i. Bayan shekara shida, a 1607, O'Neill da wasu manyan arewa suka bar ƙasar a jirgin ruwa, ba su sake dawowa ba. Daga nan mulkin gargajiya ya rushe. Duk wanda ya san abin da ya biyo bayan faɗuwar Sakkwato a 1903 da hijirar Sarkin Musulmi Attahiru zai fahimci yadda 'yan Ayilan suke jin sunan wannan gari.

A cikin gari akwai cocin St Multose da aka fara ginawa wajen 1190, da Desmond Castle inda aka taɓa tsare fursunonin yaƙi na Faransa. Akwai tsohuwar kotu, inda aka yi zaman binciken farko kan nutsewar Lusitania, babban jirgin fasinja na Birtaniya. Jirgin yaƙin Jamus mai tafiya a ƙarƙashin ruwa ne ya harbe ta ranar 7 ga Mayu 1915, kimanin mil 11 daga Old Head, ta nutse cikin minti 18, mutum kusan 1,200 suka rasu. In daga kudu ka fito, ta kusa da kabarinsu ka wuce. An mayar da tsohuwar hasumiyar tsaro da ke wuyan Old Head gidan tarihin wannan masifa.

Mutanen garin suna karɓar baƙo irina?

Gari ne da ya rayu da baƙin teku tun fil azal, kuma mutanen Cork akwai son hira. Za a tambaye ka daga ina, da wace iska ka zo, ina ka nufa. Ka ce Najeriya, kada ka yi mamaki idan wani dattijo ya ce kawunsa ya yi shekara talatin yana koyarwa a Jos ko Kaduna. Ƙungiyar mishan ta SMA, wadda ta yi aiki sosai a arewacin Najeriya, cibiyarta ta Ayilan tana birnin Cork. Turancinsu yana da sauri da waƙa a ciki, kunne yakan ɗauki kwana biyu kafin ya saba. Ka ce a maimaita, za a maimaita.

Daga Kinsale sai ina?

Yamma. A nan ne hanyar gaɓa mai kilomita 2,500 da ake kira Wild Atlantic Way ta fara, kuma ta ruwa ma haka abin yake: bayan Old Head tasoshi suna jere, kowace tazarar 'yan sa'o'i daga 'yar'uwarta. Akwai Courtmacsherry, sai Glandore, wadda take da tsibirai biyu a bakinta masu suna Adamu da Hauwa'u, matuƙan yankin kuma suna cewa a nisanci Adamu a rungumi Hauwa'u. Sai Castletownshend, sai Baltimore, garin da 'yan fashin teku daga Aljiyas suka auka wa a Yunin 1631 suka kwashe mutum fiye da ɗari. Gaba da can akwai dutsen Fastnet da hasumiyarsa, wanda jirage masu filafilai suke zagayawa a wani tsere; a tseren Agustan 1979 guguwa ta hallaka matuƙa 15 cikin masu tseren.

Tunda iskar ta fi zuwa daga inda ka nufa, zuwa yamma ya fi dawowa wahala. Idan rahoto ya ce kudu maso yamma mai ƙarfi, ƙara kwana ɗaya a Kinsale. Idan ta juya arewa ko gabas, cika tankin ruwa tun da dare, biya kuɗin matsaya, sanar da maƙwabcin da ya ɗaure a jikinka, ka fita da janyewar ruwan safe.